Fensir da Ƙaddara: Shirin Tafiya daga Korahane zuwa Gurara

A ƙarshen daminar bana, lokacin da gero ya nuna aka fara gyaran rumbuna, mu uku muka zauna bayan sallar la'asar a inuwar wata aduwa a nan Korahane, muka shimfiɗa takarda muka ɗauki fensir, muna tsara wata 'yar tafiya ta kwana 7 wadda za ta ɗauke mu daga nan zuwa Dakoro, daga Dakoro zuwa Maraɗi, mu ƙetare iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya mu shiga Katsina, sa'an nan Kano da Zariya da Kaduna, har mu tuƙe a magangarar ruwan Gurara, can cikin Jihar Neja ta Nijeriya, wadda muka daɗe muna jin labarinta a bakin direbobi da fatake, ba mu taɓa sa ta a ido ba.

Muna cikin lissafin kuɗin mota da na masauki da abin da za a canja daga sefa zuwa naira, sai ga kawuna, dattijon da ya sauke Alƙur'ani tun yana yaro, ya karanta Risala da Askari da Muhtasar a zauren malamai. Ya yi mana sallama, ya nemi in karanta masa abin da muka rubuta. Da na gama sai ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Ɗana, kun rubuta inda za ku kwana ran Talata da inda za ku ci abinci ran Laraba, sai ka ce ranakun nan a aljihunku suke. Kuma duk wannan ɗawainiya don a je a tsaya a kalli ruwa yana zuba?" Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya gafarta Malam, za mu sake shawara," domin ba tarbiyya ba ce ɗa ya yi jayayya da kawunsa a gaban jama'a. Amma tambayoyin nan biyu sun zauna mini a rai, har suka mai da ni ga littattafan da na daɗe ban buɗe ba.

Wajibi ne in fara da iƙirarin cewa maganar dattijon tana da asali mai ƙarfi. A cikin Suratul Kahfi an hana Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yanke cewa zai aikata wani abu gobe ba tare da ya rataya shi ga mashi'ar Ubangijinsa ba, kuma malaman tafsiri sun kawo cewa sababin saukar ayar shi ne alkawarin da ya yi wa Ƙuraishawa na ba su amsa washegari, bai yi togaciya ba, sai wahayi ya jinkirta masa kwanaki. To, in haka ta auku ga fiyayyen halitta, ina ga malamin makaranta da fensirinsa? Shehu Ibn Aɗa'illahi na Iskandariyya kuwa, wanda ya rasu a Alƙahira a 1309, littafi guda ya wallafa mai suna Attanwiru a kan zubar da tadbiri, yana jan kunnen bawa kada ya yi wa kansa zaɓi tare da Mai zaɓi. Mutanenmu ma sun taƙaita mas'alar duka da cewa kana naka, Allah na nasa.

Ita kanta hanyar da muka zana shaida ce ga kawuna. Sarautar Maraɗi, inda za mu kwana daren farko, Katsinawan da jihadi ya fitar daga birninsu ne suka kafa ta wajen 1819 a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, kuma babu ɗayansu da ya kwana da niyyar zama baƙo a bakin gulbin Maraɗi. Sa'an nan a 1945 ambaliyar gulbin ta cinye tsohon gari, aka hau tudu aka sake yanka unguwanni. Suleja, wadda ke kusa da ƙarshen hanyarmu, ita ma zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau ce ta kafa ta a 1828 bayan gudun hijira, da sunan Abuja, sunan da daga baya aka ɗauka aka ba sabon babban birnin Nijeriya. A zamaninmu kuma mun ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, motoci suka yi jerin gwano a Jibiya da Ɗan Isa, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. Mutum nawa ne suka rubuta ranar tafiya a wannan tsakani, ranar ta zo ta same su a ƙofar gida?

Duk da haka, da na dubi sirar Ma'aiki ban sami tafiyar da aka tsara da tsanaki irin hijira ba. An tanadi raƙuma biyu ana kiwonsu tun kafin ranar tashi, an yi jinga da gwanin hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, wanda a lokacin bai ma musulunta ba, an fita ta kudu alhali Madina tana arewa, an ɓuya kwana uku a kogon Saur, Asma'u tana kawo guzuri, Amiru ɗan Fuhaira yana kora tumaki a kan sawu don ya ɓace. Wanda ya yi wannan tsari shi ne shugaban masu tawakkali, kuma shi ne ya umarci balaraben ƙauye ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Annabi Yaƙuba, alaihis salamu, ya hori 'ya'yansa su shiga Masar ta ƙofofi daban-daban, kuma a cikin wannan horon ya shaida musu cewa dabararsa ba za ta kare su daga hukuncin Allah ba. Ya haɗa shiri da sallamawa a magana guda, bai ga saɓani a tsakaninsu ba. Haka nan Buhari ya ruwaito labarin wasu mutanen Yaman da suke fita aikin hajji ba guzuri, suna kiran kansu masu tawakkali, in sun iso Makka su kama roƙon mutane, sai aya ta sauka tana umartar a yi guzuri.

Amma hujjar da ta fi kwantar mini da hankali a littafin kawuna na same ta, a babin sallar matafiyi. A mazhabar Imamu Malik ba a yin ƙasaru sai a tafiyar da ta kai burudi 4, wato mil 48, abin da ya kama kilomita 80 da ɗoriya, kuma sharaɗi ne mutum ya ƙulla niyyar yanke wannan nisa gaba ɗaya tun daga farko. In ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wani gari, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika salla. Shehu Halil, mai Muhtasar, ya bayyana cewa wanda ya fita yana yawo bai san inda ya dosa ba, da makiyayin da ke bin ciyawa duk inda ta yi, ba su da wannan rangwame, sai fa in sun san za su yanke nisan kafin su sami abin da suke nema. Mu a ƙasar Dakoro ba mu bukatar a yi mana sharhin wannan, domin kowace damina muna ganin Fulani da Buzaye suna haura kwarin Tarka da garkunansu, yau nan gobe can, nisan da suke yi a wata guda ya ninka burudi 4, amma fiƙihu bai lissafa su matafiya ba. A duba wannan da kyau: shari'a ta rataya sauƙinta a kan sanin inda aka dosa da yawan kwanakin da za a yi. Ba zan san ko raka'a biyu zan yi a Kano ko huɗu ba sai na san kwana nawa na yi niyyar zama a can, kuma wannan shi ne ainihin abin da muka rubuta a takardar. Ashe rubuta Talata da Laraba yana daga cikin abin da salla kanta ke nema ga matafiyi.

Akwai wurin da tsari yake komawa wajibi, shi ne inda rai ke cikin hatsari. Daga Katsina zuwa Zariya hanyar Malumfashi da Funtuwa ta fi kusa, amma mun zaɓi mu zaga ta Kano, mun kuma yi alkawari ba za mu yi tafiyar dare ba ko sau ɗaya, saboda abin da kowa ya sani na 'yan bindiga a waɗansu dazuzzukan yankin. Wani daga cikinmu ya ce ai abin da zai sami mutum ba ya kuskure masa. Gaskiya ne, amma an riga an yi wannan muhawara a gaban Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, sa'ad da ya nufi Sham ya ji labarin annoba ya juya, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya ba shi misali da mai raƙuma wanda ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da dausayi ɗaya fako, ya nuna masa cewa duk gefen da ya kora su da ƙaddarar Allah ya kora su. Shi kansa Ibn Aɗa'illahi ya kasa tadbiri kashi biyu, abin yabo da abin zargi, kuma abin da na fahimta shi ne wanda yake zargi tadbirin zuciya ne, wadda ke ɗaukar shirinta tamkar hukunci, in ya warware ta yi fushi da Ubangijinta. Maganin wannan ciwo shi ne a faɗi in sha Allahu da nufinta na gaskiya, domin abin baƙin ciki ne yadda kalmar ta zama mafakar wanda ba ya nufin cika alkawari, alhali an saukar da ita ne don wanda ya ƙudura azama ya kuma san ƙarfinsa yana da iyaka.

Saura tambaya ta biyu, kuma a nan ma kawuna bai yi magana a banza ba, domin Halil ya fitar da mai tafiyar saɓo da mai tafiyar lahawu daga sunnar ƙasaru. Shin zuwa kallon ruwa lahawu ne? Imamu Gazali, a babin ladubban tafiya na Ihya'u, ya lissafa tafiya don ganin ayoyin Allah a bayan ƙasa, duwatsu da sarari da tekuna, cikin sashen tafiyar neman ilmi, kuma Alƙur'ani ya maimaita umarnin yin tafiya a ƙasa don a duba a yi i'itibari. Ina roƙon mai karatu ya tuna daga ina muka fito. Mu mutanen yashi ne, ruwan samanmu wata uku ne in shekara ta yi kyau, kuma da yawa daga rijiyoyin ƙasarmu sai an ɗaura igiya ga sa ko raƙumi ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya bayyana a baki, mata da yara suna jira da jarkoki tun hantsi. Magangarar Gurara kuwa tsayinta wajen mita 30 ne, faɗinta ya kusa mita 200 in kogin ya cika, wato tsayin nan shi ne nisan da mu muke jawo ruwa sama da gumin dabba, namu har ma ya fi haka, a can ruwa ne ke saukowa da kansa dare da rana, babu igiya babu guga, ya wuce ya haɗu da Kwara. Yaron da ya girma yana karanta ƙarshen Suratul Mulki, inda aka tambayi mutane wa zai kawo musu ruwa mai gudana in nasu ya ƙafe cikin ƙasa, ya san rabin ayar da idonsa tun yana goye. Ni ina so in ga ɗaya rabin kafin in mutu, in dawo in ba ɗalibaina labari. Na yarda cewa wanda ya je don ya ɗauki hoto ya yi fariya, ya bar la'asar ta wuce shi a kan dutse, ya faɗa cikin abin da dattijon ke tsoro. Niyya ce ke raba tafiyar biyu, kuma niyya aikin gida ce, tun kafin a shiga mota ake gyara ta.

Ko ganin ayar ma sai da lissafin lokaci. Ruwan Gurara ya fi ƙarfi da damina, lokacin da manomi ba ya iya barin gonarsa, da rani kuwa yakan ja baya har duwatsu su fito fili. Saboda haka babu sarari gare mu sai 'yan makonnin nan na kaka, bayan an yanke gero an ɗaure dammuna, kafin kogin ya rage.

Na koma wurin kawuna da daddare, mu biyu kaɗai, na karanta masa babin ƙasaru daga littafinsa. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara mini karatun kalma biyu, sa'an nan ya ce in rubuta in sha Allahu a saman takardar, mu yi istihara, mu nemi iznin iyaye, kuma kowane gari muka sauka mu fara da masallaci. Mun rubuta. Za mu tashi da asuba ranar Asabar ta farko bayan gero ya shiga rumbu, in kuwa muka isa Katsina ko Kano muka ji labarin hanya ba daɗi, nan za mu tsaya mu ziyarci hasumiyar Gobarau da dutsen Dala, mu juyo gida, mu ajiye takardar sai baɗi. Wanda ya karanta wannan, muna roƙonsa ya sa mu cikin addu'a.