Sabo Turken Wawa

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san halin akuyar da ta daɗe a ɗaure. Ko an kwance mata igiya, da magariba ta yi za ka same ta tsaye a gindin turkenta, ba wanda ya koro ta. A nan Bahaushe ya samo maganarsa: sabo turken wawa. Bai ce turken kowa ba. Mai hankali ma yana sabo, amma yakan tsaya ya duba ko abin da ya saba da shi yana kan hanya. Wawa kuwa, daɗewar abu ita ce hujjarsa.

Ta wannan ƙofa ɓarna take samun gindin zama, kuma ban ga inda abin ya fito fili kamar satar amsa ba. A 1977, da tambayoyin WAEC suka fita kafin ranar jarrabawa, ƙasa ta ɗauka, har gwamnatin soja ta kafa kwamitin bincike. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta yanka wa laifin ɗaurin shekara 21, kafin dokar 1999 ta sassauta hukuncin. Doka tana nan a rubuce. Kunyar ce ta tafi.

A wasu makarantu yau, tun wajen rajista ake ɗora wani kuɗi a kan na jarrabawa, a ce na taimakon yara ne. Ranar zama, mai sa ido ya ja kujera bakin ƙofa, an ajiye masa lemo da tsire, idonsa na kan waya. Malamin darasi ya shigo da alli ya cika allo da amsa, wani yaro yana bakin titi yana gadin motar jami'ai. Ba mai raɗa, ba mai waige. Uban da ya biya kuɗin nan ba ɗan iska ba ne, wataƙila ma a sahun gaba yake salla. Ka tambaye shi, zai ce maka, “Kowa ma haka yake yi, ni kaɗai zan bar ɗana a baya?”

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda laifin yake komawa kan mai gaskiya. Makarantar da ta ƙi, sakamakonta ya faɗi, iyaye su kwashe 'ya'yansu su kai inda ake ci. Malamin da ya hana, a ce mugu ne, mai baƙin ciki da ci gaban yara. Yarinyar da ta kwana tana bita, ta rufe takardarta, ƙawayenta su daina yi mata magana. Da ɓarna ta kai nan, ta daina neman mafaka, ta samu masu ci da ita da masu kare ta.

Sannan ta fara haihuwa. Wanda aka rubuta wa amsa ya samu takardar shaida, ya samu aikin koyarwa, ya tsaya gaban aji ba abin da zai ba su, ɗalibansa kuwa dole sai an rubuta musu su ma. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, sama da 21,000 suka kasa kai makin da aka sa. An yi ta jayayya a kan korarsu, ƙungiyar malamai har da yajin aiki. Kaɗan ne suka tambayi ta wace hanya malaman nan suka bi suka iso gaban allo.