Furen Ɗaki da Haƙƙin Karen Gida

Bromeliyad dangin tsirrai ne da asalinsu yankunan zafi na nahiyar Amurka, kuma abarbar da muke sha 'yar gidansu ce. Waɗanda ake ajiyewa a falo don ado, irin su Guzmania da Neoregelia, ganyensu kan kewaye ya bar kwarmi a tsakiya mai riƙe ruwa. Ƙungiyar ASPCA, wadda aka kafa a Amurka a 1866 don hana zaluntar dabbobi, ta lissafa bromeliyad cikin tsirran da ba su da guba ga kare ko kyanwa. Sai dai maganar ba ta ƙare nan ba. Karen da ya tauna ganye da yawa yana iya amai ko zawo, wasu nau'o'in Aechmea suna da ƙaya a gefen ganye kamar abarba, ruwan kwarmin kuwa ko an zuba masa taki ko maganin ƙwari, shi kare ruwan sha yake gani.

Wani zai ce wannan damuwar masu ƙoshi ce, ga kuma kare da mutane da yawa ke ƙyama. Amma a mazhabar Imamu Malik, wadda akasarin Hausawa ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma hadisai sun halatta riƙe shi don farauta da kiwo da tsaron gona. Ko da mutum yana da ja kan dalilin ajiye shi, haƙƙinsa bai faɗi ba tunda an ajiye. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwa. Abin lura a nan, ba dukanta ta yi ba. Kulle ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Kullewar ce ta haifar da wajibi. Wanda ya rufe ƙofa da kare a ciki, shi ya zaɓa masa duk abin da bakinsa zai kai, har da tukunyar fure.

Hujjar masu ja da ta fi ƙarfi ita ce Allah ya ba dabba ilhamin gujewa abin da zai kashe ta. Akwai gaskiya a ciki, amma ɗan kwikwiyon da haƙoransa ke fitowa takalmi ma tauna yake, balle ganye. Kuma haɗarin ba daga nesa yake zuwa ba. Kariya, itaciyar nan tamu mai jan fure, ruwan jikinta na da gubar da ke taɓa zuciya, har an yi dafin kibiya da shi, ga ta yanzu a tukwane wurin masu sayar da furanni. Ido ba ya bambance mai guba da marar guba. Malaman usulu sun ce abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne, don haka sanin sunan tsiro kafin a saya yana wuyan mai kare.

Bromeliyad tana iya zama a gida mai kare. A ɗora ta inda ba ya kaiwa, a riƙa sauya ruwan kwarminta, a nisanta itaciyar kariya daga gare shi, idan kuma amai ya ƙi tsayawa a kai shi wurin likitan dabbobi.