Ku Bar Mai Jego Ta Warke



Duk mai riƙe da waya a yau ya ci karo da tallan nan a Instagram ko TikTok: hoton mace da teɓa a hagu, ga ta kuma a dama cikinta ya shafe. Asibitin yana Legas ko Abuja, wani lokaci Turkiyya ko Masar, kuma an yi ragin kuɗi. Tiyatar zuƙe kitse ke nan. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne masu jego sun fara shiga layin masu tambayar farashi, wata ma ba ta yi arba'in ba.

Aikin ya samo asali ne daga Italiya da Faransa a shekarun 1970. Likita yakan huda fata, ya ɗura ruwan gishiri haɗe da maganin kashe zafi da na tsuke jijiyoyin jini, sannan ya zura siririn bututun ƙarfe yana kai da komo, inji yana zuƙo kitsen da ke ƙarƙashin fata. Iyakar abin da yake iya cirewa ke nan. Kitsen da ke can ciki, wanda ya lulluɓe hanji da hanta, bututu ba ya kai wa gare shi, alhali shi ne mai alaƙa da ciwon suga da na zuciya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 ya nuna matan da aka zuƙe musu kitse mai yawa ba su samu sauƙin haɗarin waɗannan cututtuka ba. Wani kuma na Jami'ar Colorado a 2011 ya gano cewa cikin shekara guda kitsen yakan dawo, sai dai ya sauya mazauni.

To, shin kitse ne ma ya turo cikin mai jego? Sau da yawa ba shi ba ne. Mahaifa tana ɗaukar kamar mako shida kafin ta koma girmanta. Fatar da ta miƙe wata tara tana bukatar watanni ta tattaru. Ga kuma naman gaban ciki, wanda yake tsaye gida biyu, dama da hagu: goyon ciki yakan raba su, tsakiya ta saki, kayan ciki su turo gaba. Mace siririya ma tana iya samun wannan. Zuƙe kitse ba ya haɗe naman, ba ya goge nankarwa, ba ya ɗaure sakakkiyar fata, hasali ma yana iya barin ta a yamutse. Mace ta sayar da gwal ɗinta, ta sha wuya, ta tashi da tumbinta. Motsa jiki a hannun ƙwararren likitan gashin ƙashi yakan taimaka wa da yawa, wadda kuma tata rabuwar ta yi tsanani, wata tiyata ce daban ake yi mata.

Babban haɗarin yana cikin gaggawa. Jinin mai jego yana saurin daskarewa, musamman a makonni shida na farko, kuma barazanar ba ta gushewa sai wajen mako goma sha biyu. Tiyata da kwanciya suna ƙara ta. Gudan jini ya taso daga ƙafa ya toshe huhu, sai a ji salati. Mu kuma a ƙasar Hausa muna da ƙarin dalilin tsoro: ciwon raunin zuciya bayan haihuwa ya fi yawa a wajenmu fiye da mafi yawan sassan duniya, likitocin Zariya sun rubuta a kansa tun shekarun 1970, na Kano da Sakkwato suna ganin sa har gobe. Mace tana iya ɗauke da shi tana zaton gajiyar jego ce. A ɗora wa irin wannan zuciya allurar barci da litocin ruwa, ina za ta kai?

Kada wani ya ce kuɗi ko fita waje kariya ne. Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa mai ci a lokacin, ta rasu a Sifen ranar 23 ga Oktoba 2005 bayan irin wannan tiyata. Bututun ya huda mata kayan ciki, ba a farga da wuri ba. A 2009 kotu ta yanke wa likitan ɗaurin shekara guda saboda sakaci. Idan hakan ta faru da matar da ke da gata irin wannan, me zai tsare 'yarmu da aka kwantar a wani ɗaki bayan shagon gyaran jiki?

Yanzu gare ku, magidanta, domin tushen maganar yana bakinku. Mace ba ta kwana ta tashi haka kawai ta miƙa cikinta ga wuƙa. Akwai kalmar da ta ji. "Kin zama uwar mata." "Dubi yadda kika buɗe." Akwai wanda yake nuna wa matarsa hoton wata a waya, akwai mai yi mata barazana da amarya tana cikin wankan jego. Malam, cikin nan da kake yi wa ba'a ɗanka ne ya zauna a ciki, kuma kai ka yi murna ranar suna, ka yanka rago, ka karɓi barka. Mata nawa ne a unguwarku suka tafi haihuwa ba su dawo ba? Taka ta dawo da ranta, sai ka tarbe ta da gori? Ka ji tsoron Allah. Idan lafiyarta ce ta dame ka, ka sayo abinci mai kyau, ka ɗauke mata raino ta samu barci, ka raka ta asibiti duba lafiyar bayan haihuwa.

Iyaye mata, dangin miji da ƙawaye, ku ma da naku kason. Habaicin gidan suna yana zama a zuciya shekaru. Kuma ku daina tura wa mai shayarwa shayin rage ƙiba da ba a san me aka zuba a ciki ba, jariri na shan abin da uwa ta sha.

Ba na cewa tiyatar nan ba ta da gurbi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta zuƙe kitse idan ƙibar ta zama cuta, babu wata hanyar, kuma an aminta daga cutarwa. Sharuɗɗan suna da nauyi, kuma tsoron kishiya ba ya cikinsu.

'Yar'uwa, idan bayan duk wannan kin ga akwai larura, ki jira aƙalla wata shida, ki yaye yaronki, nauyinki ya tsaya wuri guda, kuma ya fi kyau a ce kin gama haihuwa, don sabon ciki zai sake miƙe wurin. A auna jininki da zuciyarki. Ki nemi shaidar cewa likitan ƙwararren likitan fiɗa ne mai rajista da hukumar likitoci ta MDCN, kuma akwai likitan allurar barci da ɗakin kulawa ta musamman a asibitin. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka tana ɗaukar abin da ya haura lita 5 a matsayin babban aiki da ke bukatar kwana ƙarƙashin kulawa, don haka ki guji mai alkawarin kwashe komai ki koma gida da yamma. Bayan aikin kuma, ciwon ciki mai ƙaruwa, zazzaɓi, kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi ba abin jira gari ya waye ba ne, a garzaya da ke babban asibiti a wannan sa'ar.