Shin Aikin Hannu Ƙasƙanci Ne?

Tun 1968 Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna take yaye masu ilmin lantarki, gini da injuna. Amma sau da yawa yaro ya karɓi takardarsa sai ya zauna jiran aikin ofis, yana ƙyamar kama rumfa a Panteka, inda masu walda ke ciyar da iyalansu.

To, ina ya samo wannan ƙyama? Imamu Gazali ya sanya noma, saƙa da ɗinki cikin farillan kifaya: in gari ya rasa mai yin su, kowa ya yi laifi. Annabi Zakariyya, Alaihis Salam, kafinta ne.

Iyaye ma da nasu laifin. Su ke hana makanike 'yarsu, su ba akawun da bashi ya yi wa katutu.