Ruwan Da Ya Jirkita: Haƙƙin Jama'a A Wuyan Mahukunta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da ruwa mai tsarki daga sama, Ya rayar da ƙasa da shi bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya karanta Ishmawi ko Risala, to ya san cewa tun a babin tsarki ake koya masa siffofin ruwa guda uku, watau launi da ɗanɗano da ƙanshi. Idan ɗaya daga cikinsu ya jirkita da abu mai tsarki, kamar nono ko zuma, ana iya aikin yau da kullum da ruwan, amma ba a yin alwala da shi. Idan kuwa najasa ce ta jirkita shi, to bai halatta a yi ibada da shi ba, kuma ba a sha, ba a dafa abinci da shi. Wannan karatu na yara ne, amma shi ne ma'aunin da ya kamata manya masu riƙe da hukuma su ɗauka su auna ruwan da ke bi ta ƙasarsu.

A ɗauki misalin Kano. Tun zamanin da aka san garin da sana'ar jima, majema na gargajiya kuwa da bagaruwa suke aiki, wadda itaciya ce da Allah Ya tsirar. Da zamani ya juya, aka keɓe wa masana'antu unguwanni kamar Bompai da Sharaɗa da Challawa, manyan majemu suka koma aiki da magunguna, musamman sinadarin kuromiyam. Dagwalon Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, wadda ta riga ta kwaso ƙazantar cikin birni, su gangara zuwa madatsar Wasai ta Minjibir. Na Sharaɗa da Challawa kuma yana faɗawa kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano wajen Tamburawa, su nufi Wudil da Haɗejiya. A bakin waɗannan ruwaye akwai masu lambu da ke ban-ruwan latas da alayyafo da tumatur, akwai masunta, akwai makiyaya. Masana sun sha auna ruwan, sun sami gubar ƙarafa a ciki, irin wadda ƙasa ke riƙewa, tsiro ya zuƙa, mutum ya ci bai sani ba. Ashe ke nan wanda bai taɓa ganin ƙofar masana'anta ba yana iya haɗiyar sharrinta a cikin miyar gidansa.

Musulunci bai hana masana'anta ba. Neman halal wajibi ne, kuma majemu suna ciyar da gidaje masu yawa, tun daga mahauci da dillalin fata har zuwa lebura da baduku. Abin da Shari'a ta hana shi ne cuta. Imamu Malik ya kawo hadisi a Muwaɗɗa da ke hana mutum ya cuci wani, ko ya rama cuta da cuta. Buhari da Muslim sun ruwaito hanin yin bawali a ruwan da ba ya gudu. Abu Dawuda kuma ya ruwaito gargaɗi game da yin bahaya a mashaya, da kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa, domin suna jawo wa mai yi tsinuwa. To, idan wannan ne hukuncin mutum guda da ya ɓata mashaya sau ɗaya, ina ga bututun da ke kwarara dare da rana?

Malaman Malikiyya ba su bar zancen a wa'azi kawai ba, sun mai da shi hukunci. Shehu Halilu, a cikin Muhtasar, inda yake lissafa abubuwan da alƙali ke hana maƙwabci yi wa maƙwabcinsa, ya ambaci hayaƙi da wari, kuma misalin da ya bayar na wari shi ne na jima. Wannan tun ƙarni na 14 ke nan. Har ila yau malamai da yawa sun ce cutar da ke ƙaruwa kullum ba ta zama haƙƙin mai yin ta saboda daɗewa. Watau mai masana'anta ba shi da hujjar cewa shekara talatin yana zubarwa ba wanda ya ce masa kanzil.

Nauyin hanawa kuwa yana kan mahukunta. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin amfani da su. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina magudanun ruwa da kula da su, da kwashe shara da ƙazanta. Tun 1992 akwai dokar da ta ce kada a kafa babban aiki sai an bincika illarsa ga muhalli, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA don tsare dokokin muhalli. Ga shi a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Saboda haka doka ba ta yi kaɗan ba, abin da ake nema shi ne tsoron Allah wajen zartar da ita.

Ya kamata shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa da duk ma'aikacin da ke sa hannu a takarda su san cewa izinin hukuma ba ya mai da haram halal. Hatimi yana iya kare mutum a gaban kotu, amma ba ya kare shi ranar da za a tambayi kowane makiyayi abin da aka ba shi kiwo. Wanda ya yanka fili a kan hanyar ruwa, damina ta zo gidajen talakawa suka rushe, yana da kaso a cikin alhakin. Wanda ya keɓe juji kusa da rijiyoyin unguwa don filin ba shi da mai magana, shi ma haka. Wanda kuma ya karɓi na goro ya rufe ido, to ya sayar da lafiyar mutanen da bai san adadinsu ba, kuma haƙƙin bayi ba ya faɗuwa sai masu shi sun yafe. Ta yaya zai bi ƙauyukan bakin kogi ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara?

Wani zai ce in an matsa wa masana'antu za su rufe, mutane su rasa abinci. Amsa ita ce ƙa'idar fiƙihu ta nuna wanda ke cin ribar abu shi ke ɗaukar ɗawainiyarsa. Kuɗin tace dagwalo kafin a sake shi wani ɓangare ne na kuɗin sana'a, daidai da kuɗin fata da ladan ma'aikata. In ba a biya shi daga riba ba, to mai lambu ne da mai jego ke biyansa a asibiti. Hukuma tana iya ba da wa'adi, ta taimaka wa ƙananan majemu su haɗa matata guda, ta aika masu duba-gari su auna ruwa a kai a kai, ta kuma saurari masu unguwa da manoma kafin ta ba da sabon fili. Inda haƙƙin ba nata ba ne, sai ta kai kuka ga gwamnatin jiha a rubuce, kada ta yi shiru.

Jama'a su ma ba su kuɓuta ba. Mai jiran hadari ya taso ya juye shararsa a lambatu, shi da mai bututu laifinsu iri ɗaya ne, girma kawai ya bambanta. Limamai su faɗi wannan a kan mumbari, malaman Islamiyya su haɗa shi da babin tsarki, domin Allah Ya bayyana a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa aikin hannun mutane ce, kuma ana ɗanɗana musu sashenta ne ko sa komo.

Allah Ya ba shugabanni ikon riƙe amana, Ya tsare wa al'umma ruwan shanta da lafiyarta, Ya sa a gama da duniya lafiya. Amin.