Ina zafin yake zuwa?

Yayana ɗan kabu-kabu ne a Maradi. Shi ke biya mini kuɗin mota duk sa'ad da zan koma Yamai karatu, kuma shi ya hana ni shiga ƙananan motocin nan da ake danna mutane a ciki kamar buhunan gero. "Ka shiga kar mai kilim," in ji shi, "kai ɗan boko ne, kada rana ta dahe maka ƙwaƙwalwa kahin ka isa." Wani dare cikin bazara muna zaune ƙofar gida ana shayi, ya faɗi wata magana da har yau ba ta bar ni ba. Ya ce: "Ƙane, ka san abin da ya hi ci mini rai cikin aikin ga? Ba rana ba ce, rana ta Allah ce. In hanya ta cushe wajen babbar kasuwa, ka tsaya gab da wata babbar mota mai gilashi rufe, sai ka ji wani huci na dukan ƙwaurinka. Su suna ciki suna shan sanyi, kai kana waje kana shan lumfashinsu."

Na yi dariya a lokacin. Daga baya ne, da na zauna wurin wani mai gyaran firigo a unguwarmu ya nuna mini cikin abin, na gane cewa yaya bai yi zolaya ba. Bayanin injin ya yi, daidai wa daida.

Ga yadda abin yake. Cikin bututun kilim akwai wani sinadari da masu gyara ke kira gaz. Injin mota yana juya wani famfo da igiyar roba, famfon ya matse gaz ɗin har ya yi zafi ƙwarai, ya tura shi cikin wasu siraran bututu da ke can gaba a hancin mota. Iskar waje ta bi ta kansu ta kwashe zafin, gaz ya koma ruwa. Ruwan ya ratsa wata ƴar ƙaramar kafa, matsi ya sake shi, ya isa wasu bututun da ke ɓoye gaban direba, a nan ya sake zama tururi. Ruwa kuwa ba ya zama tururi sai ya ɗauki zafi daga abin da ke kusa da shi. Haka gumi ke yi a jikinka, haka randar tsohuwarka ke yi a bakin ɗaki. Zafin da ya ɗauka na cikin mota ne, naka da na maƙwabcinka a kujera. Sai ya koma wurin famfo, a sake zagayen. Ba a ƙera sanyi ko ƙwaya ɗaya ba. Zafi aka ɗebe daga ciki aka zuba waje, aka ƙara masa da na man da injin ya ƙona don yin wannan jigila.

Ku yi mini haƙuri in shigo da ɗan abin da muke koya a sashen nazarin harshe, don a nan ne abin ya kama ni. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai. Aji na shida su ne masu ƙarewa da -o, masu jawo aiki wajen mai magana: kawo, sayo, ɗebo. Aji na biyar su ne masu korar abu nesa da shi: fitar, zubar, kawar, sayar. Mu duka, in muna zancen kilim, da aji na shida muke tunani: tana kawo sanyi. Alhali aikinta na aji na biyar ne: tana fitar da zafi. Kuma in ka ce wa uwarka ka zubar da ruwan wanki, abin da za ta fara tambaya shi ne: a ina? A kwata, ko a ƙofar maƙwabta? Sunayen da muka ba na'urar duk sun haɗiye wannan tambaya. Rediyo na cewa na'urar sanyaya wuri. Mu a nan muna cewa kilim, daga kalmar Faransanci da tushenta ke nufin yanayi, wato na'urar da ke yi maka yanayinka kai kaɗai. Da ni aka ba raɗin suna, da na ce mata mai tura zafi waje, in ga ko za ta yi kasuwa.

Akwai kuma shan iska. Bahaushe in zafi ya dame shi, fita yake yi. Ya shimfiɗa tabarma gindin bedi, wani ya zo ya ce salamu alaikum ya zauna, ba wanda ya rage wa wani inuwa. Sanyin da muka gada yana tara mutane. Na kilim sharaɗinsa na farko shi ne ka rufe, don in gilashi na buɗe aikin banza take yi.

Da na bi tarihin abin, na tarar tun farko ba don jin daɗin talaka aka yi shi ba, ba ma don mutum ba. A 1902 Willis Carrier ya haɗa na'urarsa ta farko don wata maɗaba'a a Burukilin ta Amurka, inda laima ke sa takarda ta kumbura launi ya ƙi zama daidai. A Indiya ta zamanin mulkin Ingila, cikin shekarun 1930, akwai jirgin ƙasa da ake sanyaya taragunsa na manya da ƙatta-ƙattan ƙanƙara, ana loda su a ƙarƙashin tarago a tashoshi, fanka na hura sanyin ciki. Ni dai masu dakon ƙanƙarar nan nake tunani, waɗanda suka ɗauke ta a tsakar rana suka kuma tsaya a bakin tasha jirgi ya wuce. Kamfanin Packard ne ya fara sayar da ƙaramar mota mai kilim a ƙarshen 1939. Kayan sun cinye kusan rabin wurin zuba kaya na baya, kuma in sanyi ya ishe ka sai ka tsaya, ka buɗe gaban mota ka cire igiyar da hannu. Sai a 1954 kamfanin Nash ya tattara komai a gaba kamar yadda muka sani yau. Kafin nan masu ƙaramin ƙarfi a busassun jihohin Amurka wani gwangwani suke ratayawa a taga, da jiƙaƙƙen abu a ciki, iskar gudu ta ratsa shi ta shigo da sanyi-sanyi. Randa ce kawai aka ɗaura wa mota.

Labarin gaz ɗin kansa ya fi ba ni tsoro. A 1928 wani masani mai suna Thomas Midgley da abokan aikinsa suka samo sinadarin da aka sa wa suna Freon, wanda ba ya kama wuta, ba ya kashe mai shaƙarsa. A 1930 ya shaƙe shi gaban taron masana ya hure kyandir da shi, don kowa ya ga ba shi da illa. Gaskiya ya faɗa a kan ɗakin da yake tsaye. Sai a 1974 Molina da Rowland suka nuna cewa irin wannan sinadari yana hawa can sama yana cinye rufin ozon da ke tare mana mugun hasken rana. Aka yi yarjejeniyar Montreal a 1987 aka fara janye shi. Wanda ya gaje shi a motoci, R-134a, ya bar ozon lafiya, amma wajen riƙe zafin duniya ya ninka hayaƙin kabon fiye da sau dubu, har sai da aka sake zama a Kigali a 2016 don a rage irinsa. Kun ga aji na biyar ɗin nan dai: kowane gyara ya kawar da matsalar zuwa wani wuri da mai gyaran ba ya gani daga kujerarsa. Mu kuwa a Sahel mun san inda wani kaso nata ke sauka. A Afrilun 2024, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5.

Abokin ɗakina, ɗan Damagaram mai karatun tattalin arziki, bai yarda da ni ba ko kaɗan. Ya ce: "Malam, wannan hassada ce ka ɗinka wa babbar riga. Hucin mota guda nawa yake in an gwada da ranar Afrilu? Kuma hayaƙin da ya ɗumama duniya, motocin Nijar ne suka yi shi? In ka samu aiki gobe, da taga buɗe za ka riƙa yawo don yayanka ya ji daɗi?" Ya kuma tuna mini da Frederick Jones, baƙar fatar Amurka da ya ƙera na'urar sanyaya manyan motocin kaya wajen 1940, wadda a yaƙin duniya na biyu aka yi jigilar jini da magani da ita. Ya ce allurar rigakafin da aka yi mini ina jariri sai da aka riƙe ta tsakanin digiri 2 da 8 tun daga inda aka yi ta har ƙauyenmu, in ba haka ba ruwan banza za a tsira mini. Ya ce mai naƙuda da aka ɗauko daga Dakoro a motar asibiti ba falsafata take bukata ba.

Ban da amsa kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Gaskiya ce, hucin mota guda ba shi ne ya ƙona yayana ba, kuma wanda ya ce sanyi zunubi ne bai taɓa riƙe jariri mai zazzaɓi a mota da ƙarfe biyu na rana ba. Ina son sanyi. In Allah ya hore mini mota, mai kilim zan saya, ba zan yi muku ƙarya a takarda ba. Amma gardamarsa ta sa na gane cewa abin da ke damuna ya fi kusa da gilashin fiye da injin, kuma akwai ranar da na san haka da jikina.

Bazarar bara ce, ina dawowa gida daga Yamai, tafiyar kilomita fiye da 600. A Dogon Dutsi muka ɗan tsaya sauke fasinja. Wani almajiri, bai fi shekara takwas ba, ya zo daidai kujerata ya ƙwanƙwasa gilashi da ɗan kwanonsa. Ina ganin bakinsa na motsi, ba na jin komai. Ina da canji a aljihu. Tagogin irin waɗannan kar-kar ba sa buɗuwa, a manne suke, don haka na ɗaga masa hannu alamar ba hanya. Abin da ban faɗa wa kowa ba sai yanzu shi ne, daɗi na ji. Ƙofa tana nan buɗe, kujera shida tsakanina da ita. Da a tsohuwar mota ce mai taga, da warin ranar da ke jikinsa da muryarsa sun shigo, da sai dai in ba shi ko in ce masa Allah ya ba da haƙuri, ko wanne dai na yi magana da mutum. Gilashi ya ɗauke mini duka biyun, ya bar ni ina ganin kaina mutumin kirki da aka hana.

Bayan mun wuce Ƙonni, wajen azahar, kilim ta mutu. Da farko ba wanda ya kula. Cikin minti kaɗan motar ta zama tanda, don ƙarfe da gilashi ne a rufe, da mutum wajen saba'in suna lumfashi. Yaron mota ya buɗe ƴar ƙofar rufi, ba ta yi komai ba. Wani jariri a bayana ya yi kuka har ya daina, shirun nasa ya fi kukan tada hankali. Wani dattijo ya tashi ya doki kujera ya ce wa direba: "Ɗana, tsaya hwa! In ba ka tsaya ba gawa za ka kai Maradi." Tsofaffin motocin da yaya ya hana ni shiga suna ta wuce mu, tagogi buɗe, mayafai na kaɗawa.

Muka tsaya bakin wani ƙauye da ban san sunansa ba, muka watsu ƙarƙashin gawo guda biyu. Gawo, kun sani, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, kamar ya san lokacin da ake bukatarsa. Ba mu kira kowa ba. Mata suka fito da ƙwarya da bokiti, ruwan randa, wata tsohuwa ta karɓi jaririn ta jiƙa gefen zanenta tana shafa masa a ƙeya har ya sake tsala kuka. Wani mai babbar riga a cikinmu ya ciro kuɗi, ta dube shi ta ce: "Alhaji, ruwa munka ba ku, ba hura ba." Ni ina tsugune ina sha, ina lissafin ƙauyuka nawa irin wannan na ratsa cikin shekara uku ina kallonsu kamar talabijin da aka kashe wa murya.

Abokin ɗakina zai ce wannan ba hujja ba ce, labari ne, kuma matan nan da za a ba su kilim da gudu za su karɓa. Na yarda za su karɓa, kuma sun fi ni cancanta. Tambayata a kan mu ce, mu da muke jami'a muna jiran ranar da za mu koma bayan gilashi. Wanda zai zana hanyar gari gobe, ya yanke ko a bar itatuwan bakin titi ko a sare, wanda zai sa hannu kan kuɗin wutar asibitin ƙauye, daga gida mai kilim zai fito, ya shiga mota mai kilim, ya sauka a ofis mai kilim. Afrilu zai zo ya wuce bai taɓa fatarsa ba sai tsakanin ƙofa da ƙofa. Ba mugu ba ne, kamar yadda ni ma ban zama mugu ba a Dogon Dutsi. Labarin zafi ne kawai zai riƙa zo masa a rubuce, kuma mun san yadda ake yi da abin da ya zo a rubuce.

Sai bayan la'asar direba da yaronsa suka samu kan abin, igiyar famfon ce ta tsinke, suka ɗaura wata. Muka shiga, aka rufe ƙofa, sanyi ya dawo, mutane suka yi hamdala, ni ma na yi. Yaya na jirana a tasha da babur ɗinsa, rigarsa ta manne a baya. Ya karɓi jakata ya ɗora kan tanki ya ce: "Yaya hanya? Ka sha sanyi dai ko?" Na ce masa na sha. Na hau baya, muka fita titi, muka shiga bayan wata babbar mota.