AKUSHIN DA BA A GANIN LOMAR KOWA

Wani ƙanena da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi yana haya a Badariya, su takwas a gida ɗaya. Da hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, sai suka ga gara su yi karo-karo: na'urar intanet guda, data ta wata guda, kowa ya jona wayarsa. Ba a je ko'ina ba rigima ta tashi. Ran nan ɗayansu na fama ya tura aikin da malami ya ba su kafin sha biyun dare, shafi ya ƙi buɗewa, ashe na ɗakin ƙurya ne ke sauke Labarina, zango guda cur! Da aka yi masa magana sai ya ce, "Ai na biya nawa, mi an naku ciki?"

Mai karatu, amsar nan ta daɗe tana yi mini yawo a ka, domin ba ƙarya ya yi ba. Ya biya. To amma me ya saya? Da muna yara ana haɗa mu akushi ɗaya, kuma ba mai auna mana tuwo. Kunya ce ke rage girman loma, saboda ido na kan hannu. A nan kuwa hannun ba ya ganuwa, kowa na ƙudundune a ɗakinsa. Kuma ba datar kaɗai ake rabawa ba, har da saurin. Kamar famfon gidan haya ne: in ɗaya ya ƙure nasa, sauran sai ɗigo. Kuɗinsa ya ba shi kaso, amma bai ba shi daren ɗan'uwansa ba.

Wasu za su ce a haramta fim kawai, karatu aka zo yi. Ni kam ban yarda ba, kuma ba don ina masoyin fim ba. Wa zai zama alƙalin buƙatar wani? Mai cewa bincike yake yi, wallahi wani sa'in TikTok ne. In kuma aka ce sai an leƙa wayar kowa, an shiga tonon asiri, zumunci ya lalace a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Mutanen Argungu sun riga mu gano bakin zaren. Sarkin Ruwa ba ya tambayar masunci me zai yi da kifinsa. Lokaci yake tsarewa: ba mai jefa koma a Matan Fada sai ranar da aka ba da izini.

Haka na shawarci ƙanen nawa, kuma suka ɗauka: duk mai babban saukewa ya bari sai dare ya raba. Na ɗakin ƙurya ya yarda, amma ya tambaya, daren da aka ɗauke wuta fa, wa zai biya shi? Har na baro gidan ba su gama wannan gardamar ba.